Gasar zayyana ayisi: Tikitin zuwa taron duniya da ɗan Kakuri zai iya nema daga kan kwamfutarsa

A cikin watan Fabrairun kowace shekara, dubban injiniyoyi da malaman jami'o'i da wakilan manyan kamfanoni kan hallara a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka domin halartar ISSCC, taron da aka faro tun 1954, wanda masana ke ɗauka a matsayin babban dandalin baje kolin sababbin ƙwaƙwalen na'urorin lantarki a duniya.

Daga shekarar 2023, ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin taron, wato sashen SSCS na babbar ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, ta ɓullo da wata gasa mai suna Code-a-Chip. Waɗanda suka yi nasara ana tallafa musu da kuɗin tafiya da na masauki, su je su gabatar da aikinsu a gaban manyan fannin. Babban sharaɗin gasar shi ne a yi aikin da manhajojin da kowa zai iya saukewa kyauta, sannan a baje shi a fili yadda duk mai so zai duba, ya gwada, ya kwafa.

Wannan sharaɗi ne ya sa labarin ya cancanci kulawar ɗan kasuwar da ke da shago a Kasuwar Monday ta Kakuri, ko ma'aikacin da ke tashi daga Barnawa ko Narayi kowace safiya ya haye gada zuwa ofis, musamman idan yana da ɗa ko 'ya da ke karatun injiniyancin lantarki ko na kwamfuta. Shekara goma da suka wuce irin wannan aiki ya fi ƙarfin ɗalibin Najeriya komai hazaƙarsa, saboda kayan aikin a kulle suke. Yanzu an cire kwaɗon. Abin da ya rage shi ne a san yadda hanyar take, da inda take da ramuka, domin tana da su.

Abin da ake zayyanawa

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara ya ji kalmar ayisi. Shi ne ɗan baƙin abin nan mai kusurwa huɗu da mai gyara ke ɗagawa da iska mai zafi idan waya ta ƙi caji ko ta daina kama sabis. A cikinsa akwai ɗan guntun silikon da sau da yawa bai kai faɗin farce ba, kuma a kansa ne aka shimfiɗa ƙananan makunnai da ake kira taransista, waɗanda a manyan wayoyin zamani adadinsu ya kai biliyoyi. An ƙirƙiro taransista a 1947, sannan a 1958 da 1959 Jack Kilby da Robert Noyce, kowa a nasa kamfanin, suka gano yadda za a haɗa da yawa a kan guntu ɗaya.

Ayisi bai tsaya a waya ba. Yana cikin katin cirar kuɗi, da layin waya, da na'urar POS, da mitar wuta ta kati, da inbata, da akwatin da ke daidaita cajin batirin sola, da injin mota. Ƙarancinsa ne ya tilasta wa manyan kamfanonin motoci na duniya rage aiki a tsakanin 2020 da 2022.

Samar da shi aiki biyu ne mabambanta. Na farko zayyanawa, wato tsara yadda taransistocin za su haɗu su yi aikin da ake so, har a fitar da cikakkiyar taswira. Na biyu ƙerawa, wato buga wannan taswira a kan faifan silikon a cikin masana'anta. Ƙerawa harka ce ta ƙasashe da kamfanoni ƙalilan. Gina masana'anta irin ta zamani guda ɗaya kan lashe dala biliyan goma zuwa ashirin ko fiye, tana kuma buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa da ruwa mai tsananin tsabta. Zayyanawa kuwa kwamfuta ce da manhaja da ilimi.

Tun da Morris Chang ya kafa kamfanin TSMC a Taiwan a 1987, wanda aikinsa kawai ya ƙera wa wasu abin da suka zayyana, rabuwar ayyukan biyu ta zama ruwan dare. Qualcomm da Nvidia ba su da masana'antar ƙera ayisi. Haka ma MediaTek, wanda ayisinsa ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da dama da ake sayarwa a Sabon Tasha. Kamfanin Arm na Ingila ya shahara ne da sayar da zane da lasisin amfani da shi, kuma kusan kowace wayar hannu a duniya na ɗauke da fasaharsa.

Mutanen Kakuri ba sa buƙatar dogon bayani kan wannan bambanci. A nan ne aka buɗe masaƙar KTL a 1957, daga baya UNTL da Arewa Textiles da wasunsu suka biyo, aka kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci. Dubban iyalai sun ci abinci a wannan yanki, har aka riƙa yi wa Kaduna laƙabi da cibiyar masaƙun Najeriya. Amma motar 504 da ta cika titunan ƙasar nan a Turai aka zayyana ta. Ma'aikatan Kakuri sun ƙware wajen haɗawa, kuma ƙwarewa ce ta gaske, sai dai mai zanen yana can wata nahiya, tare da kaso mai tsoka na ribar. Da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000, gine-gine da injuna suka zauna suna tsatsa, ma'aikata suka watse. Ilimin zayyana bai rataya a kan gini ɗaya ba. Wanda ya iya shi yana iya yi wa kamfanin da ke Jamus ko Indiya aiki yana zaune a Unguwar Romi.

Kada a fahimci wannan a matsayin alkawarin cewa za a kafa masana'antar ayisi a Kaduna nan kusa. Babu alamar haka, kuma duk wanda ya ce akwai, a tambaye shi inda wutar za ta fito. Maganar zayyana ake yi.

Yadda aka cire kwaɗon

Abubuwa uku ne suka daɗe suna tare wa talaka hanya. Na ɗaya, manhajojin zayyana. Kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwarsu: Synopsys da Cadence da Siemens, wanda ya sayi Mentor Graphics a 2017. Lasisinsu na da tsadar da sai babban kamfani ko jami'a mai ƙarfi ke iya biya, kuma da dala ake biya, shekara-shekara.

Na biyu, kundin ƙa'idojin masana'anta, wanda ƙwararru ke taƙaita sunansa da PDK. Kowace masana'anta na da nata: kaurin kowane layi, tazarar da dole a bari tsakanin layi da layi, da yadda taransistarta ke amsa wuta. Ba a iya zayyana ayisin da zai ƙeru ba tare da wannan kundi ba, kamar yadda tela ba zai yanka yadi bai ɗauki awo ba. Masana'antu kan ɓoye shi, sai wanda ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri suke ba wa. Illar hakan ita ce malami ba zai iya ɗora cikakken aikinsa a intanet don wasu su koya ba, ko da ya so.

Na uku, kuɗin ƙerawa kansa, domin shirya faifan farko na kowane sabon zane yana da tsada ƙwarai.

A tsakiyar 2020 ne kamfanin Google da masana'antar SkyWater da ke jihar Minnesota ta Amurka suka saki kundin ƙa'idojin SKY130 ga kowa, babu yarjejeniyar sirri. Lambar 130 na nufin nanomita 130, ma'aunin ƙanƙantar fasahar. Don a kwatanta, kaurin silin gashin mutum kan kai nanomita dubu 80 zuwa dubu 100. Duk da haka tsohuwar fasaha ce, wadda take kan gaba a wajajen 2001 da 2002. Ba za a yi ƙwaƙwalwar babbar waya da ita ba. Amma ta ishi mitar wuta, da na'urar auna zafi, da mai daidaita caji, da ɗimbin ƙananan kayan da su ne aka fi shigowa da su ƙasar nan. A 2022 kamfanin GlobalFoundries ya saki nasa kundin na nanomita 180, sannan cibiyar bincike ta IHP da ke gabashin Jamus ta buɗe nata.

Ta ɓangaren manhaja, wasu tsofaffi ne da aka farfaɗo da su, wasu sababbi. Magic, wadda ake zana taswira da ita, a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley aka rubuta ta tun shekarun 1980. Yosys ita ke juya bayanin da aka rubuta da harshen kwamfuta na Verilog zuwa jerin ƙananan sassan lissafi. OpenROAD, wadda aka faro a 2018 da tallafin hukumar binciken tsaron Amurka ta DARPA, ita ke jera sassan a kan fili ta ja wayoyin da za su haɗa su. KLayout da ngspice na taimakawa wajen dubawa da gwaji. Akwai hannun Afirka a ciki: tsarin OpenLane, wanda ya ɗinke waɗannan manhajoji suka zama hanya ɗaya daga rubutu zuwa taswira, Farfesa Mohamed Shalan na Jami'ar Amurka da ke Alƙahira na cikin jagororin samar da shi.

Matsalar kuɗin ƙerawa kuwa an rage ta ne da dabarar da kowane ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Chaina ya sani. Wanda kayansa ba su cika kwantena ba yakan haɗa da wasu, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci. Haka ake tara zanen mutane da yawa a kan faifai ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce. Lynn Conway ta gwada ta da ɗalibanta a jami'ar MIT tun 1978. Abin da ya zo sabo shi ne daga ƙarshen 2020 Google ya riƙa biyan kuɗin kwantenar gaba ɗaya, ta hannun kamfanin Efabless, ana ɗaukar zane 40 a kowane zubi, da sharaɗin kowane zane ya kasance a buɗe.

Abin da gasar ke nema

Mai shiga Code-a-Chip ba ayisi zai aika ta gidan waya ba. Abin da ake miƙawa shi ne littafin aiki na Jupyter, wato shafin kwamfuta da ke haɗa bayani cikin rubutu, da umarnin da kwamfuta za ta bi, da sakamakon da ya fito, duka a jere. Alƙali zai buɗe shafin, ya danna, ya ga ko abin da mai aikin ya ce ya samu zai sake fitowa a gabansa. Ana miƙa aikin ne ta shafin gasar da ke dandalin GitHub, inda kowa ke ganin abin da kowa ya kawo, har da na waɗanda suka yi nasara a shekarun baya.

Wannan tsari na da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. A yawancin tallafin tafiye-tafiye na ilimi, sunan jami'a da na malamin da ya rubuta takardar shaida su ne ke buɗe ƙofa, kuma a nan ne ɗalibin Najeriya ke faɗuwa tun kafin a karanta aikinsa. A gasar da alƙali ke iya gwada aikin da kansa, nauyin suna yana raguwa. Bai gushe ba, domin wanda ke da gogaggen malami a kusa ya fi samun shawara mai kyau, amma ya ragu.

Ayisi iri biyu ne a dunƙule. Akwai masu aiki da lambobi, sifiri da ɗaya, kamar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke bin tsarin RISC-V, wanda aka faro a Berkeley a 2010 kuma kowa ke da damar amfani da shi ba tare da biyan lasisi ba. Akwai kuma masu aiki da sigina mai hawa da sauka, irin sauti ko ƙarfin wuta. Duka ana karɓa, har da sababbin dabarun sauƙaƙa aikin zayyanar kanta. Mai son shiga daga Kaduna ba sai ya yi gogayya da ɗaliban Amurka ko Koriya ta Kudu a kan abin da suka fi shi kayan aiki ba. Matsalar da ke ƙofar gidansa ta ishe shi: da'irar da za ta gane lokacin da wuta ta zo da ƙarfin da zai ƙona firji, ko wadda za ta auna lafiyar batirin sola ba tare da ita kanta ta sha wuta da yawa ba. Ƙaramin aiki da aka bayyana shi tsaf, aka gwada shi ta kowace fuska, ya fi babban buri da ya ƙi tashi a kwamfutar alƙali.

Akan buƙaci mai shiga, ko jagoran tawaga, ya kasance mamban IEEE da sashen SSCS. Kuɗin rajistar ɗalibi bai kai na cikakken injiniya ba, kuma ƙungiyar na da reshe a Najeriya da rassan ɗalibai a jami'o'i da dama. Ƙa'idoji da adadin tallafin kan sauya daga zagaye zuwa zagaye, don haka sanarwar zagayen da ake ciki ita ce abin dogaro. Abu ɗaya da ya kamata iyaye su riƙe: babu dillali a wannan harka. Duk wanda ya zo da fom yana neman kuɗi don ya sama wa yaro gurbi, ɗan damfara ne.

Lissafin da ya kamata a yi tun da wuri

A ce an yi nasara. Nan ne wahalar ɗan Najeriya ke farawa.

A bisa al'adar irin waɗannan ƙungiyoyi, tallafin tafiya ba kuɗi ne da ake turowa tun kafin a tashi ba. Mutum ne ke sayen tikiti, ya biya masauki, ya adana rasit, bayan ya halarci taron a mayar masa da abin da ya kashe, zuwa iyakar da aka ƙayyade. Ma'aikacin gwamnati ya san wannan tsari sarai, kuma ya san zafinsa. Ga ɗalibin da ke Turai abu ne mai sauƙi. Ga iyalin da ke Nasarawa ko Makera, ma'anarsa a nemo miliyoyin Naira a kashe tukuna, a jira. Tun da aka saki Naira a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, kuma ba a mayarwa ko an hana. Idan aka lissafa dala a kan Naira 1,500, ya kama Naira dubu 277 da ɗari biyar, kusan albashin wata huɗu ke nan ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70. Ba a zo maganar fasfo ba, da zirga-zirga zuwa ofishin jakadanci a Abuja, da jirgin da dole ya yada zango a hanya kafin ya isa gaɓar yammacin Amurka, a birnin da ya yi ƙaurin suna wajen tsadar otal.

Sai babbar matsalar, wato bizar kanta. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya masu ziyara ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku. A Disamban shekarar kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu a sanarwar da ta saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita ba 'yan ƙasarsu wasu nau'o'in biza, ciki har da ta ziyara da ta ɗalibai, daga farkon Janairun 2026. Manufofin biza kan sauya, amma muddin wannan na aiki, ɗalibi na iya cin gasar ya kasa taka ƙafarsa a zauren taron.

Sai dai ba San Faransisko kaɗai gasar ke kai mutum ba. Ana kuma yin ta domin taron VLSI na watan Yuni, wanda ake karɓa-karɓa tsakanin Honolulu da birnin Kiyoto na Japan. Honolulu cikin Amurka take, don haka matsalar ɗaya ce. Kiyoto kuwa bizar Japan take buƙata, kuma Japan na da ofishin jakadanci a Abuja. Taron kan faɗo Kiyoto ne a shekarun da lambarsu mara ce, kamar 2023 da 2025.

A gida kuma, asusun TETFund na da tsarin ɗaukar nauyin halartar tarukan ilimi, amma na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ɗalibi ba ya ciki. Wannan giɓi ne da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko wani attajirin unguwa, ko ma'aikatar ilimi ta jiha za su iya cikewa da kuɗi kaɗan. Ba kyauta ma ake buƙata ba. Rance ne na 'yan watanni, wanda zai dawo da zarar an biya ɗalibin. 'Yan kasuwar da suka saba ba yaransu jari su juya sun fi kowa sanin yadda ake tsara irin wannan.

Idan tafiyar ba ta yiwu ba

Tafiyar ita ce ke jan ido, amma abin da ya fi daɗewa shi ne aikin da aka baje. Littafin aikin yana nan a GitHub da sunan mai shi, duk malamin da ke neman ɗalibin digiri na biyu ko kamfanin da ke neman ma'aikaci na iya buɗewa ya gani. Ga wanda takardar shaidarsa ta fito daga makarantar da ba a san ta a waje ba, wannan hujja ce da ba ta buƙatar wani ya tsaya masa.

Akwai kuma hanyoyin da ba su buƙatar fasfo. Sashen SSCS ɗin dai na gudanar da shirin Chipathon tun 2021, inda tawagogi ke shafe watanni suna aiki tare da ƙwararrun da ke ba su shawara ta intanet, zanen da ya cika ƙa'ida kuma a kai shi masana'anta a ƙera. Sai shirin Tiny Tapeout da Matt Venn ya faro a 2022, wanda ke cusa ɗaruruwan ƙananan zane a cikin ayisi ɗaya, ta yadda da 'yan ɗaruruwan daloli mutum zai riƙe abin da ya zayyana a hannunsa. Aji guda na iya yin karo-karo.

Harkar dai ba ta gama tsayuwa da ƙafarta ba. A farkon 2025 kamfanin Efabless, wanda shi ne gadar da yawancin masu buɗaɗɗen zane ke bi zuwa masana'anta, ya rufe saboda rashin kuɗi, aka bar mutane da dama cikin zullumin makomar ayyukansu. Tiny Tapeout ya karkata ga IHP ta Jamus da wasu hanyoyi ya ci gaba. Darasin da masu harkar suka ɗauka shi ne kundin ƙa'idoji da manhajojin sun tsira saboda a buɗe suke, ba mallakar kamfani ɗaya ba, amma hanyar kai zane masana'anta na iya yankewa a kowane lokaci.

Haka nan, wanda ya koyi aiki da manhajojin kyauta bai zama ƙwararren da kamfani zai ɗauka kai tsaye ba. Kamfanoni na amfani ne da na kuɗi, a kan fasahar da ta fi nanomita 130 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abin da ke bin mutum shi ne tushen ilimin: yadda ake tunanin da'ira, yadda ake gwada zane kafin a kashe kuɗi a kansa, da haƙurin bin kuskure har a gano shi. Indiya ta bi wannan hanya. Tun 1985 kamfanin Texas Instruments ya buɗe cibiyar zayyana a Bangalore, ƙasar ta shafe shekaru gommai tana tara dubban masu zayyana ayisi alhali ba ta da babbar masana'antar ƙera shi. Masar ma ta yi nisa, inda manyan kamfanonin fannin ke da ofisoshi a Alƙahira.

Wa zai koyar

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi ta isa a fara. Ayyuka da yawa ana iya gudanar da su a Google Colab, inda kwamfutocin Google ke yin nauyin lissafin, na ɗalibin kawai ya samu intanet da cajin da zai kai. Wanda ke son sauke manhajojin gaba ɗaya, akwai ƙunshin da Jami'ar Johannes Kepler ta birnin Linz a Ostiriya ta haɗa, sai dai yana cin gigabait da dama, abin da ya fi dacewa mutum ɗaya ya sauke ya raba wa sauran.

Makarantu ba su yi ƙaranci ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali tun 1956, na da babban mazauninta a Tudun Wada da wani a Barnawa. Ga Jami'ar Jihar Kaduna, ga Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Mando, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Ana koyar da ka'idar taransista da lissafin da'ira a sassan injiniyancin lantarki. Inda gizo ke saƙa shi ne tsallakawa daga allo zuwa taswirar da masana'anta za ta karɓa, kuma da can uzurin rashin kayan aiki uzuri ne na gaskiya. Yanzu ya yi rauni.

Mafi sauƙin wurin farawa shi ne aikin kammala karatu na shekarar ƙarshe. Abin da aka saba gani shi ne ɗalibi ya sayo allon Arduino da 'yan na'urori, ya haɗa, ya rubuta rahoto mai bango, a jibge a ofishin sashe ƙura ta rufe. Da malami zai amince ɗalibai biyu ko uku su yi nasu aikin a matsayin buɗaɗɗen littafin Jupyter, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: sun cika sharaɗin makaranta, kuma suna da abin miƙa wa gasa. Ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila, wataƙila ma shi ya sa bai cika jan hankalin masu tsara kasafi ba. Shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, wanda ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023, ya fara ne da fannoni irin su rubuta manhaja da nazarin bayanai da tsaron intanet. Zayyanar ayisi ba ta cikin jerin farko.

Akan rufe karɓar ayyukan gasar ne watanni kaɗan kafin kowane taro: na Fabrairu wajajen ƙarshen shekarar da ta gabace shi, na Yuni kuma a watannin farko na shekarar. Wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na Verilog ba zai buƙaci watanni da dama yana kwafar ayyukan waɗanda suka riga shi, yana ɓatawa yana gyarawa, kafin ya iya kawo nasa. Idan aka ci gaba da karɓa-karɓar yadda aka saba, taron Kiyoto na gaba zai faɗo ne a watan Yunin 2027.